Rashin Gata: Tarihin Bincike a Kan Yaran da Suka Tashi Ba Mai Tsaya Musu

A cikin kalmomin da Bahaushe ya ke zancen yara da su akwai guda mai wuyar juyawa zuwa wani harshe, ita ce gata. In aka ce yaro yana da gata, ba lalle a ke nufin gidansu da dukiya ba. Abin da a ke nufi shi ne akwai wani babba wanda in an taɓa yaron an taɓa shi, wanda zai ji kukansa ya taso, ya kuma bi masa kadi in an cuce shi. Saboda haka gata dabam ya ke da ci da sha da sutura, dabam kuma ya ke da iyaye su kansu. A kan sami maraya ɗan gata a ɗakin kakarsa, a kan kuma sami yaro da uwa da uba a raye, tuwo bai taɓa yanke masa ba, amma ba shi da wanda zai ruga wurinsa ran da tsoro ya kama shi. Harshe ya daɗe da rarrabe waɗannan abubuwa. Likitocin Turai da Amurka kuwa sai da suka shafe shekara fiye da saba'in suna bincike da gardama, yara masu yawa suna halaka a tsakani, kafin su tabbatar da bambancin bisa awo da ƙidaya. Tarihin binciken nan wannan takarda ta ke bi, da abin da ya nuna game da halin irin waɗannan yara bayan sun girma, da hanyar da waɗansunsu suka sami sauƙi.

Akwai wani tsohon labari wanda masu nazarin harshe suka saba da shi. Wani malamin Kirista mutumin Parma ta ƙasar Italiya, sunansa Salimbene, ya rubuta cewa Sarki Frederick na Biyu, wanda ya rasu cikin 1250, ya so ya san harshen da ɗan Adam zai yi in bai taɓa jin magana ba, ko Ibrananci, ko Girkanci, ko Latin, ko Larabci, ko kuwa harshen iyayensa. Sai ya sa aka danƙa wa waɗansu mata jarirai, aka umarce su su shayar da su, su yi musu wanka, amma kada su yi musu magana ko wasa. Sarki bai sami amsa ba, domin jariran duk mutuwa suka yi. Salimbene ba masoyin sarkin ba ne, don haka masana tarihi ba sa ɗaukar labarin a kan tabbas. Duk da haka dalilin da ya bayar na mutuwar, watau rashin fara'a da lallashi, ya nuna mutanen ƙarni na goma sha uku sun san abin da jikokinsu suka zo suka manta.

Da aka shigo ƙarni na ashirin ilmin ƙwayoyin cuta ya riga ya kafu, ya kuwa ceci rayuka ba iyaka, amma ya zo da wata illa wadda ba a lura da ita da wuri ba. Tun da ya ke an gane cuta tana bin hannu da numfashi, sai asibitoci da gidajen marayu suka ɗauka rage taɓa jariri shi ne tsabta: kowane jariri da gadonsa, a ba shi madara a kan sa'a, a sauya masa tsumma, a wuce. A wancan zamani asibitocin Ingila da yawa ba sa barin iyaye su ga ɗansu marar lafiya sai sau ɗaya a mako, waɗansu ma ba sa bari sam. Masana halin ɗan Adam suka ƙara wa abin ƙarfi. John Watson, wanda a ke ji da shi a Amurka, ya fitar da littafin raino cikin 1928 yana gargaɗin iyaye su guji rungumar 'ya'yansu da sumbatarsu, kada su sangarce. Ra'ayin da ya rinjaya shi ne jariri yana son uwarsa ne don ita ke ba shi nono. In kuwa haka ne, kowane hannu ya miƙa madara ya wadatar.

Wanda ya fara gwada wannan ra'ayi da ƙidaya har duniya ta saurara shi ne René Spitz, likita haifaffen Ostiriya wanda ya koma Amurka da zama. Cikin 1945 da 1946 ya ba da rahoton gidaje biyu. Na ɗaya gidan jariran da aka yar ne, mai tsabta, da abinci isasshe, da likita mai zagayawa, amma mai raino guda ke kula da jarirai takwas, an kuma rataya zannuwa a gefen gadaje har jariri ba ya ganin kome sai rufin ɗaki. Na biyu ɗakin raino ne a cikin gidan horon 'yan mata masu laifi, inda kowace yarinya ta ke rainon ɗanta da kanta. Duk wanda aka tambaya zai ce jariran gida na fari su ne suka dace. Amma su ne su kan fara da kuka, sa'an nan su daina, su kwanta shiru, jikinsu ya zube, su makara wajen zama da tafiya da magana. Cikin 91 da Spitz ya bi, 34 sun mutu kafin shekara biyu ta zagayo. 'Ya'yan 'yan matan nan masu laifi kuwa suka yi ta girma lafiya lau. An soki Spitz daga baya, an kuwa yi daidai, domin bai bayyana yadda ya zaɓi yaran da yadda ya auna su sosai ba. Amma gawa 34 ba abin da sukar hanyar bincike za ta kawar ba ne.

Spitz jarirai ya duba. Wanda ya ɗaga tambayar zuwa halin da yaro zai tashi da shi shi ne John Bowlby, likitan hankali na Landan, wanda aka haifa cikin 1907 ya rasu cikin 1990. Shi kansa ɗan manya ne, ubansa likitan fiɗa na gidan sarautar Ingila, kuma bisa al'adar irin gidajen nan uwarsa ya kan gan ta wajen sa'a guda a yini, sauran lokaci yana hannun masu raino. Wadda ya fi shaƙuwa da ita ta bar aiki yana da shekara kusan huɗu. Ga yaro wanda bai rasa kome ba na abin duniya, amma ya ɗanɗana rashin gata, ba mamaki shi ya ga abin da abokan aikinsa ba su gani ba.

Tsakanin 1936 da 1939 Bowlby yana aiki a wani asibitin da a ke kai yara masu wuyar sha'ani. Ya ɗauki yara 44 da aka kawo saboda sata, ya gwada su da waɗansu 44 da aka kawo saboda wata damuwa dabam, ya buga sakamakon cikin 1944. A cikin ɓarayin ya ware 14 waɗanda ya ce ba su da shaƙuwa da kowa: ba sa nuna ƙauna, ba sa jin kunya in an kama su, yabo da zagi duk ɗaya ne a wurinsu, ko da ya ke waɗansunsu suna da sakin fuska da daɗin baki a haɗuwar fari. Da ya bi tarihinsu sai ya tarar 12 daga cikin 14 ɗin nan an raba su da uwayensu, ko da masu riƙonsu, na tsawon watanni kafin su cika shekara biyar, wani don jinya a asibiti, wani don an yi ta yawo da shi gida gida. A cikin yara 44 da ba ɓarayi ba, biyu kaɗai suka gamu da irin wannan rabuwa. Fassarar da ya yi wa abin ita ce ta fi ƙidayar daraja. A ganinsa taurin zuciyar nan ba halitta ba ce, garkuwa ce: yaron da ya ba da zuciyarsa sau ɗaya ko sau biyu aka fizge wanda ya ba, ya kan ƙudura kada ya sake son kowa, don kada a sake yi masa ciwo irin na dā. Binciken yana da rauni, domin Bowlby shi ya tattara tarihin, shi kuma ya yanke hukuncin wane ne marar shaƙuwa, yaran kuwa kaɗan ne. Amma ya kafa tambayar da ta dace.

Yaƙin Duniya na Biyu, wanda a nan ƙasar aka fi sani da Yaƙin Hitila, shi ya mai da tambayar ta zama ta ƙasa baki ɗaya. A farkon Satumba 1939, cikin kwana uku ko huɗu, Gwamnatin Ingila ta kwashe mutum wajen miliyan ɗaya da rabi daga manyan birane zuwa ƙauyuka don tsoron bom, fiye da rabinsu 'yan makaranta ne da aka raba da iyayensu, kowanne da takardar suna maƙale a riga. Cikin Disamba na shekarar Bowlby da waɗansu likitoci biyu, Emanuel Miller da Donald Winnicott, suka rubuta wa jaridar likitocin Ingila wasiƙa suna gargaɗi a kan raba yara 'yan ƙasa da shekara biyar da uwayensu. Anna Freud da Dorothy Burlingham kuma, waɗanda suka riƙe gidajen raino a unguwar Hampstead ta Landan har ƙarshen yaƙin, suka lura ƙananan yara sun fi jure ƙarar bom suna jikin uwa marar firgita a kan kwanciyar hankalin ƙauye ba tare da ita ba. Suka gwada wata dabara: maimakon kowace ma'aikaciya ta kula da kowane yaro, aka raba yaran ƙungiya ƙungiya, wajen huɗu huɗu, kowace ƙungiya da uwarta guda. Da fari gidan ya rikice da kuka da kishi, kowane yaro yana cewa tasa ce shi kaɗai. Bayan 'yan makonni abin ya lafa, sai ga yaran sun fi saurin koyon magana da tsabtar jiki. Kukan da kishin, ashe, alamar farfaɗowa ce.

Wannan batu na shiru da kuka ya cancanci a tsaya a kansa, domin a nan ne manya suka fi ruɗuwa. James Robertson, wanda ya yi aiki a gidajen Hampstead kafin ya koma wurin Bowlby cikin 1948, ya yi ta zama a ɗakunan jinyar yara yana kallo, ya ga yaron da aka rabu da shi ya kan bi mataki uku. Da fari ya yi ta kururuwa yana duban ƙofa. Sa'an nan ya fid da rai, ya kwanta lamo, ba ya cin abinci sosai. Daga ƙarshe ya warware, ya karɓi abinci da abin wasa daga hannun kowa, ya yi wa kowa murmushi, amma ran da uwarsa ta zo sai ya kau da kai kamar bai san ta ba. Ma'aikatan asibiti mataki na biyu da na uku su ke kira sabo, har su kan kafa hujja da shi cewa ziyarar iyaye ce ke ta da hankalin yara. Da Robertson ya ga ba a yarda da bakinsa ba, sai ya ɗauki fim na wata yarinya 'yar shekara biyu da ta yi kwana takwas a asibiti, ya nuna wa taron likitoci cikin 1952. Da yawa suka fusata, suka ce ya ɓata musu suna. Sai cikin 1959 wani kwamitin Gwamnati a ƙarƙashin Sir Harry Platt ya ba da shawarar a bar iyaye su ziyarci 'ya'yansu ba ƙayyadewa, aka kuma daɗe kafin asibitoci su bi. Malamin da ke da yara a hannunsa, musamman a makarantar kwana, zai amfana da wannan: haƙuri hali ne abin yabo, amma yaron da ya haƙura da yaron da ya fid da rai kamarsu ɗaya a ido, kuma kalma guda a ke yabonsu da ita.

Cikin 1951 Hukumar Lafiya ta Duniya ta buga rahoton da ta sa Bowlby ya rubuta a kan yaran da suka rabu da gidajensu. Rahoton ya bazu ƙwarai, ya sauya tsarin gidajen marayu a ƙasashe da dama. Harry Harlow na Jami'ar Wisconsin ya ƙara masa ƙarfi cikin 1958, da ya nuna 'ya'yan birai sun fi manne wa gunkin uwa mai laushin tsumma wanda ba ya ba da madara a kan gunkin waya mai madara, kuma wurin na tsumman su ke gudu in an tsorata su. Daga nan zancen cewa ƙauna bin nono ta ke yi ya faɗi.

Amma wata gardama ta taso a madadinsa. Ko da ya ke Bowlby ya ce uwa ko wadda ta tsaya a matsayinta dindindin, jama'a rabin farko suka riƙe, aka mai da shi hujjar cewa duk macen da ta bar ɗanta a hannun wani ta cuce shi. Margaret Mead, masaniyar al'adun al'ummai, ta yi musun haka tun cikin 1954, ta ce a yawancin duniya hannuwa da yawa ke rainon yaro. Amsar ta fara fitowa ne daga Afirka. Mary Ainsworth, wadda ta yi aiki da Bowlby, ta zauna a Yuganda cikin 1954 da 1955 tana ziyartar gidajen Baganda 26 a kewayen Kampala. Labarin al'adar kai yaro wurin kaka lokacin yaye ne ya fara jan hankalinta, amma abin da ta dawo da shi ya fi wannan girma. Ta ga jaririn da a ke amsa kukansa da wuri shi ne mai ƙarancin kuka, shi ne kuma ya ke rarrafawa nesa yana binciken tsakar gida, ya waiwayo ya ga uwar tana nan, ya ci gaba. Wanda bai tabbata za a amsa masa ba shi ke liƙe wa zane. Wannan ya raba gata da shagwaɓa, kalmomi biyu da a kan cakuɗa a bakin mutane. Shagwaɓa ita ce a bar yaro ba kwaɓa. Gata kuwa shi ne yaro ya san yana da wurin komawa, kuma sanin nan ne ya ke ba shi ƙarfin halin fita.

A nan ƙasar Hausa ta shigo cikin maganar da hujjarta. Da a ce uwa mahaifiya kaɗai ke iya ba da gata, da kowane ɗan fari a gidan da a ke kiyaye al'ada ya tashi da rauni, tun da uwarsa tana kunyarsa, ba ta faɗin sunansa, ba ta wasa da shi a gaban mutane, sau da yawa ma bayan yaye kaka ko gwaggo ce ke ɗauke shi. Labarin Baba mutuniyar Karo, wanda Mary Smith ta rubuta daga bakinta a Giwa ta ƙasar Zazzau cikin 1949 da 1950 aka buga da Turanci cikin 1954, cike ya ke da wannan kunya da riƙo, ita kanta Baba ba ta haihu ba, 'ya'yan dangi ta riƙa. Abin lura shi ne al'adar da ta janye uwa ita ce ta turo kaka, ta kuma ba jika izinin wasa da ita wanda ba shi da shi wurin iyaye. Cikin 1977 Robert Marvin da abokan aikinsa, cikinsu har da Robert da Sarah LeVine, suka buga rahoton jarirai 18 na Hausawa da suka lura da su a gidajensu. Suka tarar kowane jariri ya shaƙu da mutum uku ko huɗu, amma akwai guda da ya fi nema in ya tsorata, ita ce wadda ta fi ɗaukarsa da kula shi, ko mahaifiyarsa ce ko ba ita ba. Yawan hannuwa bai hana gata ba, muddin akwai hannu guda da ba ya sauyawa.

Kada wannan ya zama abin yabon kai. Harshen da ya ke da kalmar gata shi ne ya ke da agola da 'yar bora, tatsuniyoyi kuma ba su gaji da ba da labarin marainiya a hannun kishiyar uwa ba. Cewa ɗa na kowa ne gaskiya ce in akwai wanda ya ke nasa musamman. In babu, ɗan kowa ya kan zama ba na kowa ba. Haka kuma ƙaramin almajirin da aka kai gari mai nisa: ko ya sami matar malam ko uwar ɗaki mai jan shi a jiki, ko bai samu ba, wannan ne ya ke raba halin wani da na wani, ko da allonsu ɗaya.

Gwajin da ba mai imanin da zai shirya shi da gangan, wata gwamnati ta shirya shi da wauta. Cikin Oktoba 1966 Nicolae Ceaușescu, shugaban Romaniya, ya kafa doka mai lamba 770 wadda ta hana zubar da ciki don a yawaita ma'aikata, haihuwa ta kusa ninkawa cikin shekara guda. Da talauci ya tsananta, musamman bayan 1980 sa'ad da ya matse ƙasar don biyan bashin waje, iyaye suka riƙa miƙa wa hukuma 'ya'yan da ba za su iya ciyarwa ba. Bayan an kashe shi ran 25 ga Disamba 1989 aka buɗe gidajen, aka tarar da yara fiye da 100,000, da yawa suna zaune cikin gadaje suna jijjiga jiki gaba da baya, ɗaki cike da jarirai amma tsit. Duniya ta kira su marayu, alhali yawancinsu iyayensu suna da rai.

Michael Rutter, wanda tun cikin 1972 ya rubuta littafi yana gyara maganar Bowlby, ya bi yara 165 da iyalan Ingila suka ɗauko riƙo daga Romaniya, ya gwada su da yara 52 'yan Ingila da aka ɗauka riƙo tun suna jarirai. Aka auna su suna yara, aka sake suna samari, rahoton girmansu ya fito cikin 2017 suna da shekara 22 zuwa 25. Waɗanda aka fitar kafin su yi wata shida a gidajen nan kusan ba su da bambanci da 'yan Ingilan. Waɗanda suka wuce wata shida kuwa, basirarsu ta farfaɗo har yawancinsu suka kamo tsara, amma waɗansu halaye suka bi da yawansu har girma: rashin tsai da hankali wuri guda, wuyar fahimtar mutane, da sakin jiki da kowane baƙo ba bambanci. Damuwa da baƙin ciki kuma suka ƙaru bayan sun balaga, fiye da kashi ɗaya cikin uku ba su da aiki. Wannan sakin jiki da baƙi da taurin zuciyar ɓarayin Bowlby kamar kishiyoyi su ke, amma tushensu ɗaya, wanda bai taɓa samun mutum guda nasa ba ko dai ya ƙi kowa ko ya bi kowa. Duk da haka wajen ɗaya cikin biyar na waɗanda suka daɗe a gidajen sun tashi ba wata matsala.

A birnin Bukarest kuma, daga shekarar 2000, Charles Nelson da Nathan Fox da Charles Zeanah suka ɗauki yara 136 'yan wata 6 zuwa 31, aka jefa ƙuri'a, 68 aka kai su gidajen riƙo waɗanda masu binciken suka kafa da kansu, 68 suka ci gaba da zama a hannun hukuma. An yi ta muhawara a kan halaccin ƙuri'ar, amma ita ce ta toshe bakin masu cewa dama yara masu lafiya a ke zaɓa a ɗauka. Da suka kai wata 54, matsakaicin awon basirar 'yan riƙo 81 ne, na waɗanda aka bari 73, na yaran gari da ba su taɓa barin gida ba 109. Kusan rabin 'yan riƙon sun shaƙu da mai riƙonsu shaƙuwa ta natsuwa, a ɗaya ɓangaren ba su kai ɗaya cikin biyar ba, kuma waɗanda aka ɗauka kafin shekara biyu sun fi samun haka. Wajen harshe ƙofar ta fi saurin ƙuntata: waɗanda aka kai riƙo kafin wata 15 su ne maganarsu ta yi daidai da ta tsaransu.

Icce tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi, ƙidayar nan ta gaskata haka. Amma tarihin bai ce wanda ya bushe ya tashi daga aiki ba, kuma abin da ya warkar da waɗanda suka warke bai cika zama magani ko gwaninta ba. Tun cikin 1939 Harold Skeels na jihar Iowa ya ba da labarin yara 13 'yan ƙasa da shekara uku da aka ɗauke daga gidan marayu, bisa zaton ba su da basira, aka kai su gidan da a ke tsare mata masu ƙarancin hankali. Kowane yaro ya sami mace guda da ta ɗauke shi nata, sauran suka zama gwaggwanni. Awon basirarsu ya hau da wajen maki 27, na yara 12 da aka bari a gidan marayun ya sauka da wajen 26. Masana na lokacin suka yi masa dariya. Cikin 1966 ya nemo su duka: 13 ɗin nan, waɗanda aka ɗauki 11 daga cikinsu riƙo, kowannensu yana riƙe da kansa ko da gidansa, 12 ɗin kuwa ɗaya ya mutu, huɗu suna tsare har lokacin, yawancin sauran suna ƙananan ayyuka irin su wanke kwanoni.

Har bayan balaga ma ƙofar ba ta rufe ruf ba. David Quinton da Rutter sun bi 'yan matan da suka tashi a gidajen yara na Landan har suka zama uwaye, suka buga sakamakon cikin 1984. Da yawa sun yi auren gaggawa don su tsere wa halin da su ke ciki, suka faɗa hannun maza marasa kirki, rainon 'ya'yansu ya lalace, rashin gata ya sauka ga na baya. Amma waɗanda suka sami miji mai tsaya musu sun yi raino daidai da matan da suka tashi a gidajen iyayensu. Abin da zai ja hankalin malamai shi ne waɗanda suka ji daɗin makaranta, ko ta wajen karatu, ko wasanni, ko wani muƙami da aka amince musu da shi, su ne suka fi tsayawa su yi shawara kafin su zaɓi aiki da miji.

Sashe na ƙarshe na tarihin ya komo hannun masu nazarin harshe. Cikin 1985 Mary Main ta Jami'ar Kalifoniya da abokan aikinta suka fito da wata hira da a ke yi da manya a kan ƙuruciyarsu. A kan ce mutum ya ba da siffofi biyar na zamansa da uwarsa, biyar na ubansa, sa'an nan ya kawo abin da ya faru wanda ya gaskata kowace siffa. Ba daɗi ko ɗacin labarin a ke aunawa ba, tsarin zancen a ke aunawa, bisa ƙa'idodin hira na Paul Grice: a faɗi abin da a ke da hujjarsa, gwargwadon bukata, a kan batu, a sarari. Wani ya kan yabi iyayensa matuƙa, a ce ya kawo misali ya ce ya manta, ko ya kawo wanda ya ƙaryata yabon. Wani ya kan dulmuya cikin tsohon fushi, jimla ba ta ƙarewa, har ya koma yi wa uwar magana kamar tana wurin. Wani kuwa ya sha wuya ƙwarai, amma ya kan jera labarin daki daki, ya ambaci ciwon da sunansa, ya kuma gane abin da ya sa iyayen suka kasa. 'Ya'yan irin na ukun nan su suka fi samun natsuwa. Cikin 1991 Peter Fonagy da Howard da Miriam Steele suka yi wa mata masu ciki hirar a Landan, suka iya faɗin irin shaƙuwar da jaririn zai yi da uwarsa yana da shekara guda, suka dace sau uku cikin huɗu, ko da ya ke binciken da aka tara daga baya ya nuna dangantakar ba ta kai ƙarfin haka ba.

Sai dai ma'aunin da aka ƙera da Turanci ba a ɗauko shi a aza wa Hausa yadda ya ke. Bahaushen da baƙo ya tambaye shi aibin mahaifiyarsa, ya ce alhamdu lillahi ya yi shiru, ba lalle mantuwa ko musu ya ke yi ba, kunya da kawaici su ma ƙa'idodin hira ne, suna kuma gaba da na Grice a wannan fage. Irin wannan labari yana da wuraren da a ke ba da shi da mutanen da a ke ba: tsakanin mace da ƙawarta ta amana, ko mutum da amininsa bayan dare ya raba, sau da yawa kuma a sakaye, da karin magana, ko a jingina shi ga wani yaro da ba a faɗi sunansa ba. Mai son ya auna yadda Bahaushe ya ke jera labarin ƙuruciyarsa sai ya fara da rubuta yadda a ke zancen a waɗannan wurare, da wanda ya halatta ya ji shi.